Takardar lasisi ba ta share ƙurar dalma

Tun da ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disambar 2024, bayan rufewar da aka yi tun 2019, magana ɗaya ke fitowa daga bakin masu jarin da ke shirin komawa daji: muna da takarda. Wannan maganar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Takarda dai izinin gwamnatin tarayya ce na haƙa. Ba ita za ta bi ka tsakar gidan mutane ta ga inda ake niƙa dutsen zinaren da kake saye ba.

Mu tuna 2010. Dutsen zinaren Anka da Bukkuyum cike yake da dalma. Magidanta na kawo shi gida a buhu, a daka a turmi, a kai injin niƙa, ƙura ta sauka a inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Sai amai, sai jijjiga, sai likkafani. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, wasu da suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Ƙauyen Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Zinaren nan wani ne ya saye shi. Ya ɗora a sikeli, ya ƙirga kuɗi, ya kama hanya, bai tambayi a gidan wa aka niƙa ba. Wancan karon ana iya cewa ba a sani ba. Yanzu wa zai rantse bai sani ba?

Masu cewa abin da doka ba ta hana ba ya halatta sun mayar da lauya limaminsu. Masu lissafin cewa dubban matasa za su samu aiki, don haka amfanin ya rinjayi cutar, su fara da faɗa mana ɗan wa za a sa a sikelin.

Abin takaici, jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 ce ake wa wannan wayon. Ɗalibin zaure ma ya san ƙa'idar nan ta fiƙihu: ba cuta, ba cutarwa. Ƙa'idar ba ta jiran jami'i daga Abuja, kuma tana kan wuyan dillali kamar yadda take kan mai diga.

Niƙa da ruwa na kashe ƙura, kuma mayar da injina bayan gari ba ya buƙatar wata sabuwar doka. Manyan masu saye a Gusau su daina karɓar zinaren da aka niƙa cikin gida, limaman Anka da Maru kuma su ambaci dillalai a huɗubar Juma'a, yadda suke ambaton masu tauye mudu.