Kafin ka cike fom ɗin mastas, ƙanena mai harhaɗa magunguna

Kwanakin baya wani ƙanena da ya gama digirin harhaɗa magunguna ya same ni da fara'a, ya ce zai koma ya yi mastas. Na taya shi murna, sannan na tambaye shi a wane fanni. Sai ya ce, "Yaya, ko wanne aka ba ni." Wallahi amsar nan ta tsaya mini a rai, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Da yawanku kuna son ƙaro karatu, kuma abin so ne, amma wani don aiki bai samu ba yake komawa, wani don a kira shi dakta. Irin wannan niyyar ba ta jure wahalar bincike. Ranar da gwajin da ka kwana uku a kansa ya lalace, ko malami ya maido maka da babi cike da jan biro, sai ka ji komai ya fita daga ranka.

Ku fara samun tambayar da ta hana ku barci. Tambayoyin kuwa suna nan a bakin tagar ba da magani. Ga dattijo ya miƙo maka takarda mai magani biyar, ƙafafunsa a kumbure, ƙodarsa ta yi rauni, kai kuma kana tunanin wanne za a rage masa. Ga uwa ta dawo karo na uku, maganin da ya saba kwantar da cutar ɗanta ya daina aiki. Bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ita kaɗai an ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019. Wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu yana ganin waɗannan da idonsa, shi zai san ko kula da majinyata a asibiti ne ya dace da shi, ko binciken magungunan tsirrai, ko sarrafa ƙwaya a masana'anta, ko bibiyar illar magani bayan ya shiga kasuwa.

Ina yawan tuna Frances Kelsey. Ta yi digirin digirgir a ilimin aikin magunguna a Jami'ar Shikago a 1938, daga baya kuma a bincikenta kan kwinin ta ga yadda magani ke ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi. A 1960, ba ta daɗe da fara aiki a FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ba, aka kawo mata takardun neman izinin sayar da thalidomide, maganin da mata masu ciki ke sha a ƙasashe da dama. Kamfanin ya yi ta matsa mata, ita kuma ta kafe sai an kawo ƙarin hujjar cewa ba shi da illa. A 1961 asiri ya tonu, jarirai sama da 10,000 aka haifa da nakasa a duniya sanadiyyar maganin. Zurfin karatunta ne ya ba ta ƙarfin cewa a'a. Tu Youyou ta ƙasar Sin kuwa ko digirin digirgir ba ta da shi, amma ta riƙe tambaya ɗaya kan zazzaɓin cizon sauro har ita da abokan aikinta suka fitar da maganinsa mai suna artemisinin a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Idan kun tsayar da fanni, ku bincika malamin da zai duba aikinku fiye da yadda kuke duba sunan jami'a. Ku nemi ɗalibansa na baya ku tambaye su cikin ladabi: yana karanta aiki a kan lokaci? Na'urorin ɗakin gwaje-gwajen suna aiki? Shekara nawa suka yi kafin su gama? Ku kuma lissafa kuɗin karatu da na sinadarai tun kafin ku ajiye aikin da ke hannunku.

Ƙanen nawa dai na ce masa ya riƙe ɗan littafi a aljihun farar rigarsa, duk abin da ya ɗaure masa kai a wurin aiki ya rubuta, bayan wata shida ya kawo mu zauna mu duba tare.