Bakano da Bazazzage a Gaban Maikiroskof

(Ɗakin bincike, an kashe fitilu. Bakano ya manna fuska a allon kwamfuta yana ƙoƙarin haska wani sashen DNA a cikin ƙwayar halitta mai rai, Bazazzage na bayansa yana gyara tabarau.)

Bakano: Malam na Zazzau, matso ka ga abin arziki. Cibiyar ƙwayar nan kore shar, daga wannan baki har wancan. Sai rubuta takarda kawai.

Bazazzage: Alhaji, me aka aike ka ka gano?

Bakano: Telomiya mana, bakunan kuromosom.

Bazazzage: To ina suke?

Bakano: Suna ciki.

Bazazzage: Tun kafin ka kunna na'urar suna ciki. Ɗigo-ɗigo ake nema a kan duhu. Kai kuwa ka haska ɗakin gaba ɗaya, ka ce ka ga mai gida. Tsaya ma tukuna, wane Cas9 ka zuba, furotin nan mai neman wuri a DNA? Kada dai mai yankan ne.

Bakano: Kai bawa, kada ka raina ni. dCas9 ne, an dushe masa wuƙaƙen biyu da sauyin D10A da H840A. Yana kama DNA amma ba ya yanka. Na manna masa koren furotin GFP, na ƙara masa alamar shiga cibiya. Kare ne da aka cire wa haƙora aka ɗaura wa tocila a wuya: ya bi sawu, ya tsaya inda aka aike shi, mu kuma mu ga haskensa.

Bazazzage: Ashe Kanawa na karatu idan kasuwa ta tashi. Jagoran da zai kai shi wurin fa?

Bakano: RNA mai harafi wajen 20, daidai da jerin TTAGGG da ke maimaita kansa sau dubbai a bakin kowane kuromosom. Cas9 na Streptococcus pyogenes ba ya zama sai ya ga NGG, wato kowane harafi da G biyu a bayansa, a gefen wurin, to a telomiya GGG ɗin nan kyauta ne, ko'ina ka juya akwai shi. Na fara jagoran da harafin G saboda U6, makunnin da ke sa ƙwaya ta kwafo jagoran, haka yake so. Akwai sauran tambaya, ko in ci gaba da koya maka?

Bazazzage: Saura ɗaya. Fulasmid, zoben DNA mai ɗauke da umarnin ƙera su, nawa ka zuba a farantin milimita 35?

Bakano: Maikirogiram 2 na dCas9, a ƙarƙashin makunnin CMV. Jagora kuma ɗan kaɗan, don shi ne ya kusa ƙarewa.

Bazazzage: Innalillahi! Ranar da ake buƙatar rowar Bakano, ranar ya zama mai kyauta. Ka juya lissafin ne, Alhaji. Duk dCas9 da bai samu jagora ba, ko bai samu wurin zama ba, yawo yake a cibiya da haskensa a kunne. Shi ne wannan koren da ya rufe maka komai. Ka fara da nanogiram 100 zuwa 200 na dCas9, jagora kuma maikirogiram 1, ka duba bayan awa 24 zuwa 48. In kana son aikin da zai ɗore, ka shigar da shi da lentibairos, ƙwayar cutar da ke dasa shi cikin DNA, a ƙarƙashin makunnin da maganin doksisaikilin ke buɗewa, ka tace ƙwayoyin ka ɗebi masu haske kaɗan. Sau da yawa ɗan yoyon da makunnin ke yi ba tare da maganin ba ma ya isa.

Bakano: In zubar da masu haske in ɗauki dusassu? Wa ya taɓa yin ciniki haka? To waɗannan manyan dunƙulen guda uku fa? Ai ka ga telomiya ƙosassu.

Bazazzage: Nukiliyolas ne, inda ake ƙera ribosom. dCas9 marar jagora can yake tarewa saboda RNA ya yi yawa a wurin. Yawan taruwarsa can alama ce jagoranka ya yi ƙaranci, ko kuma gurgu ne. Tsohon tsarin jagoran ka yi amfani da shi?

Bakano: Wanda na tarar a firji.

Bazazzage: Na sani. Tsohon yana da harafin U huɗu a jere a gindinsa, injin da ke kwafo shi kuwa yana ɗaukar jerin nan a matsayin umarnin tsayawa, sai ya yanke aiki a tsakiya. A 2013 Baohui Chen da abokan aikinsa a ɗakin binciken Bo Huang, Jami'ar Kaliforniya ta San Faransisko, suka musanya A da U a wurin, suka ƙara tsawon lanƙwasar da Cas9 ke riƙewa. Da wannan gyaran ɗigon ya fito sarai.

Bakano: To na ji. Amma ni telomiya gwaji ne kawai. Jin guda nake son gani, wato sashen DNA mai ɗauke da halin gado, wanda ba ya maimaita kansa.

Bazazzage: Nan za ka kwance bakin jaka. GFP ɗaya a wuri ɗaya ba ya fin hasken da ke kewaye da shi. Mutanen can da suka gwada a sashen jin ɗin MUC4 marar maimaici, sai da suka jera jagora wajen 26 zuwa 36 kafin ɗigo ya bayyana.

Bakano: Talatin da shida! Kowanne da kuɗinsa?

Bazazzage: Kowanne da kuɗinsa da fulasmid ɗinsa. In ba haka ba, ka ƙara fitilu a kan dCas9 ɗin: tsarin SunTag na 2014 yana rataya masa GFP har 24. Ko ka sa lanƙwasar MS2 da PP7 a jikin jagoran, furotin masu launi su kama can. Da irin wannan dabara aka yi CRISPRainbow a 2016, wurare shida, kowanne da launinsa.

Bakano: Ina dalili! Me ya hana in yi FISH kawai, dabarar manna wa DNA guntun zare mai haske? Ga araha, ga haske.

Bazazzage: Ka yi mana. Ka daskarar da ƙwayar da fomaldihaid, ka jiƙa ta da fomamaid, ka gasa ta a digiri wajen 80 har zaren DNA ya rabu biyu. Hoton gawa za ka samu, mai kyau kuwa. Amma in kana son ganin yadda telomiya ke motsi, da yadda ɗigo ɗaya ke zama biyu bayan an kwafi DNA, sai ƙwaya mai rai. FISH ɗin ma za ka yi shi a ƙarshe, don ka tabbatar ɗigonka ya faɗa inda ya dace. Kuma ka ajiye faranti ɗaya mai jagoran da ba shi da masauki a DNA ɗin mutum. In shi ma ya ba ka ɗigo, tarkacen furotin kake ƙirgawa.

Bakano: (yana matsar da farantin) Tsaya! Ga wata dusasshiya a gefe, kuma ga ɗigo! Ɗaya, biyu... arba'in da bakwai. Kuromosom 46, baki biyu-biyu, 92 ke nan. Ina sauran? Malam, juyo aljihunka.

Bazazzage: Faifai ɗaya ka ɗauka, cibiya kuwa tana da kauri. Ka ɗauki hoto hawa-hawa, tazarar maikiromita 0.3 zuwa 0.5, ka haɗa. Ko a haka ba za ka cika 92 ba, domin ɗigo biyu da suka fi kusa da nanomita 200 ɗaya za su zame maka, gajerun telomiya kuma ba su da haske sosai. Sannan ƙwayoyinka HEK293T ne, kuromosom ɗinsu ya haura 60. In kana son lissafi mai tsabta, nemi ƙwayoyin RPE-1.

Bakano: Wato ko jarin ma ban san yawansa ba.

Bazazzage: Rufe akwatin kuma, ƙwayoyin na son digiri 37 da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin 100. Sai ka ɗauki hoton mu tafi, an kusa kiran la'asar.

Bakano: (ya duba allo) Malam... ina ɗigon?

Bazazzage: Wane ƙarfi ka bar lezar 488, mai haska GFP?

Bakano: Ɗari bisa ɗari. Ai an riga an biya kuɗin awar.

Bazazzage: Tun da muka fara magana take kunne?

Bakano: Kai ne ka tsaya kawo tarihin Kaliforniya!

Bazazzage: GFP ɗin ya ƙone, Alhaji, ba ya dawowa. Nemi wata dusasshiyar, ka sauke lezar ƙasa sosai, ka rufe ta tsakanin hoto da hoto.

Bakano: Awar da aka ɓata kuma a rubuta ta a asusun Zazzau.