Baki shi ke yanka wuya, ku tambayi Odisiyas

'Yan'uwana matasa, musamman ku da ba kwa iya cin ribar dubu hamsin ba ku ɗora ta a Facebook ba, ku matso ku ji labarin wani Bagirke.

Girkawa na da doguwar waƙa mai suna Odisi, ana jingina ta ga wani mawaƙi mai suna Homa, tun wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gwarzonta Odisiyas ne, sarkin tsibirin Itaka, wanda ya yi shekara 10 a yaƙin Taroya, ya kamo hanyar gida da jirage 12. Girkawan nan suna yabon wayo, suna kuma son sunan da zai yi ta yawo bayan mutum ya mutu. A jikin Odisiyas abubuwan biyu suka yi karo.

A hanya suka faɗa kogon wani dodo mai ido ɗaya, Polifemus. Baƙo a wurin Girkawa amana ne, sai ya ci ya ƙoshi kafin a tambaye shi daga ina. Shi kuwa dodo ya toshe ƙofa da dutse, ya cinye mutum shida. Odisiyas ya ɗirka masa giya, ya ce sunansa Ba Kowa. Da barci ya kwashe shi, suka fiƙe gungumen zaitun, suka gasa a wuta, suka tsiyaye masa ido. Maƙwabta suka ji ihu, suka zo: wa ke cutar ka? Ya ce Ba Kowa! Suka koma makwancinsu. Da safe mutanen suka sulale a ƙarƙashin cikin raguna.

To, an tsira, an shiga jirgi, me ya rage? Sai zuciya ta ce ai dole a san wanda ya yi aikin. Mutanensa na roƙonsa ya yi shiru, shi kuwa ya ɗaga murya ya faɗi sunansa, da na ubansa, da garinsu. Dodo ya samu abin da yake nema, ya kai ƙara wurin ubansa Posaidon, wanda a imaninsu shi ke riƙe da teku. Sai da Odisiyas ya ƙara shekara 10 kafin ya ga gida, ba jirgi ko ɗaya, ba mutum ko ɗaya, ko da yake mutanen ma da nasu laifin.

Kai da bizarka ba ta fito ba amma ka riga ka yi wa unguwa sallama, ke da ko sadaki ba a kawo ba kin baza hotuna, wa kuke faɗa wa sunanku?

Wahala ta gyara Odisiyas. Ya shiga gidansa da tsummokaran bara, ya tarar da maza 108 suna neman matarsa Penelofi, suna cinye masa dabbobi. Wani Antinus ya jefe shi da kujera a kafaɗa, a cikin gidansa, a gaban ɗansa. Mutumin da ya kasa riƙe bakinsa a teku, ranar ko gezau bai yi ba. Kai kawai ya girgiza, ya koma bakin ƙofa da jakar bararsa ya zauna.