Batun Bincike Ba Sai Na Kamfanonin Ƙetare Ba

Ɗalibai da dama a Jami'ar Ahmadu Bello suna zaton bincike kan safarar kaya da cinikin ƙasa da ƙasa ba ya karɓuwa sai an ɗora shi kan manyan kamfanonin Amurka ko Sin. Wannan kuskure ne, domin abin da malami yake dubawa shi ne takamaimiyar tambaya da bayanan da ɗalibi zai iya tattarowa da kansa. Tumatirin da ake lodawa daga yankin Zariya zuwa Legas, wanda wani sashensa kan ruɓe cikin kwanduna kafin ya isa, ya ishi kundin digiri guda. Mai sha'awar cinikin ƙetare kuwa, ga tashar tsandauri ta Kaduna da aka ƙaddamar a 2018, wato tashar kan tudu da ake tantance kayan shiga da fita ƙasa kamar a tashar jiragen ruwa, sai ya binciki ko masu fitar da citta suna amfani da ita.