Matan Bangladesh da aikin da kujerar mulki ba ta yi musu ba

Daga 1991 zuwa 2024, in aka cire ɗan lokacin gwamnatocin riƙon ƙwarya, mata biyu ne suka yi ta karɓa-karɓa da kujerar firaministan Bangladesh: Khaleda Zia da Sheikh Hasina. Mai hange daga nesa sai ya ɗauka matan ƙasar sun gama tsallake siraɗi. Ni a ganina, mafi yawan abin da talakar mace ta samu a can ba daga fadar gwamnati ya sauko ba. Mata ne suka nemo shi da ƙafarsu, gida gida, kotu kotu.

Tun ba yau ba haka abin yake. Begum Rokeya, 'yar yankin Rangpur da aka haifa a 1880, a ɓoye yayanta ya riƙa koya mata karatu da dare. Bayan rasuwar mijinta ta buɗe makarantar 'yan mata Musulmi a Bhagalpur a 1909 da ɗalibai biyar kacal, sannan ta mayar da ita Kolkata a 1911. Ita da kanta take bin gidaje tana lallashin iyaye, har ta tanadi abin hawa mai labule don kada a ce an keta wa yara kulle. Wannan dabarar tana burge ni ƙwarai, domin ba ta raina tsoron iyaye ba, ta nemo masa magani ne.

Amma lallashi ba ya isa kullum. A daren 24 ga Agustan 1995, wata yarinya mai shekara 14, Yasmin, 'yar aikin gida a Dhaka, tana hanyar komawa wajen mahaifiyarta a Dinajpur. 'Yan sanda suka ɗauke ta a motarsu da sunan za su kai ta gida. Da gari ya waye aka tsinci gawarta a gefen titi, an yi mata fyaɗe. Hukuma ta so binne maganar, mutanen gari suka ce ba su san zancen ba. Aka buɗe musu wuta, wasu suka rasa rayukansu, ƙungiyoyin mata kuma suka riƙe shari'ar gam har aka rataye 'yan sandan uku a 2004. Ba domin wannan naci ba, da jinin Yasmin ya tafi a banza.

Wani aikin kuma ba shi da hayaniya, sai cin rai. A da takardar rajistar jarrabawa tana buƙatar sunan uba, don haka ɗan da ubansa ya gudu ya bar shi yana iya rasa damar zama jarrabawa. A 2009 ƙungiyar mata ta Bangladesh Mahila Parishad, wadda marubuciya Sufia Kamal ta jagoranci kafawa a 1970, da takwararta Naripokkho da ƙungiyar lauyoyi ta BLAST suka shigar da ƙara. Sai a Janairun 2023 Babbar Kotu ta ce sunan uwa kaɗai ya wadatar. Kusan shekara 14 ana jeka-ka-dawo a kan layi ɗaya na takarda!

Masu suka kan ce waɗannan ƙungiyoyi na 'yan bokon birni ne masu cin kuɗin Turawa. Akwai ƙanshin gaskiya a wani ɓangaren, kuma ya kamata su saurara. Sai dai Kalpona Akter, wadda ta fara aiki a masana'antar ɗinka tufafi tana da shekara 12 kafin ta zama jagorar ma'aikata, ba a ɗakin taro ta koyi gwagwarmaya ba. Haka dubban matan da suka cika titi bayan ginin Rana Plaza mai ɗauke da masana'antun ɗinka tufafi ya rufta a 2013 ya hallaka sama da mutum 1,100.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne har yanzu kusan rabin 'yan matan ƙasar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Dokar 2017 ma, wadda aka zartar a ƙarƙashin mulkin mace, ta bar ƙofar yin hakan a "yanayi na musamman", duk da ƙin amincewar ƙungiyoyin mata.