Yara sun riga mu sani, me ya hana su faɗa mana?

A 2002 hukumar Secret Service mai tsaron shugaban ƙasar Amurka da ma'aikatar ilimin ƙasar suka fitar da bincike kan hare-hare 37 da aka kai a makarantu. A kashi 81 cikin ɗari, akwai wanda ya san da shirin tun kafin a aikata, kuma galibi aboki ne ko ɗan makarantar. Katanga da mai gadi da kyamara suna da ranarsu, amma labarin abin da ke tafe yana kunnen yara. Haka cin zali yake. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku ya sha shi a hannun 'yan uwansa ɗalibai a watan da ya gabaci ranar da aka tambaye shi.

Yaron da ya yi shiru lissafi ya yi. Idan na faɗa, za a gane ni ne? Za a ɗauki mataki, ko dai a bar ni da sunan munafuki? Makarantar da ba ta amsa waɗannan biyu a aikace ba, kada ta sa ran jin komai.

A fara da taswira. A raba wa kowane ɗalibi zanen harabar makaranta, ba suna, ya sa ja inda yake jin tsoro, kore inda hankalinsa ke kwance, ya rubuta lokaci. Mata daban, maza daban, ƙananan aji nesa da manya, domin ƙaramin da babba ke leƙa wa takarda kore zai shafa ko'ina. Sau da yawa jan yana taruwa a makewayi, bayan azuzuwa, matakala da bakin ƙofa lokacin tashi. Da wannan za a sake jadawalin malamai masu sa ido, a maimaita kowane zango.

Inda aka fi kuskurewa shi ne majalisar ɗalibai. Malamai kan naɗa masu ƙoƙari da ladabi, alhali ba su ne aka fi dannewa ba. A yi zaɓe a asirce, a ware kujeru ga masu buƙata ta musamman, sababbin shiga, masu maimaita aji, har da wanda kullum yake gaban hukunci, don ya san lungunan da malami bai taɓa takawa ba. Kada kuma a ba wakilai ikon hukunta kowa ko a mai da su 'yan leƙen asiri. Ranar da aka yi haka, abokansu sun daina yi musu magana. Mai gadi da masu shara ma a zauna da su, suna ganin abin da ofis ba ya gani.

Sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ce a ji ra'ayin yaro a kuma ba shi nauyi. Masaniyar haƙƙin yara Laura Lundy ta fayyace shi a 2007 da abubuwa huɗu: filin yin magana, murya, mai sauraro da tasiri. Abin takaici, makarantu da yawa a biyun farko suke tsayawa. Shi ya sa akwatin ƙorafi ke mutuwa.

A ajiye akwatin nesa da ofishin shugaba, da makullai biyu a hannun mutum biyu, a buɗe duk mako. Cikin mako biyu amsa ta fito a allon sanarwa: kun ce, mun yi, ko ba mu iya ba ga dalili. Wannan na ƙarshen kada a tsallake shi, yara suna jure “a'a” mai dalili fiye da shiru. Kada wani ya bi rubutun hannu yana neman mai ƙorafi, kada a tsayar da shi gaban wanda yake ƙorafi a kansa. Kuma kada babba ya yi alƙawarin rufe sirri gaba ɗaya. Ya faɗa tun farko cewa idan rai ko lafiya na cikin haɗari dole ya sanar, ya kuma ambaci wanda zai faɗa wa. Idan ƙorafin a kan malami ne ko shugaban kansa, a tanadi wata ƙofa ta hukumar gudanarwa wadda ba ta bi ta ofishinsa.