Layin imigireshan ya fi zaman jirgin gajiyarwa

Wallahi labarin da ake yi na dogon layin duba fasfo a filin jirgin sama ya taɓa ni, don na ɗanɗana. Jirage uku suka sauka kusan lokaci ɗaya, kantoci sun fi goma amma jami'ai biyu ne kacal a zaune, muka tsaya sama da awa biyu, wata dattijuwa a gabana ƙafarta ta kumbura har ta zauna kan jakarta, ga mai goyo jaririnta sai tsala kuka yake ba wanda ya ce a shigo da su gaba. Haba jama'a!

Amma mu ma matafiya da namu, mutum sai ya iso gaban jami'i sannan ya fara lalube yana neman tikitin komawa da adireshin masauki. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai da sauran wata 6, kuma suna son shafin da ba hatimi. Ƙasashen Shengen kuwa, wato rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, tun Oktoba 2025 sun fara ɗaukar hoton yatsu da fuska, shigar farko tana cin lokaci sosai, mai canjin jirgi don Allah ya bar tazarar awanni tsakani.